Shatin Mayafi a Bayan Jita

Ranar da ya fara shigowa shagon, Auta tana tsakiyar karatu ne, ta kai daidai wurin da ba a son a katse mutum. Shagon fenti ne na mahaifinta, ɗan ƙarami, gwangwanaye jere tun daga ƙasa har rufi. Abba ya tafi karɓo kaya ya bar mata gadi, ita kuma ta bar wa Allah gadin ta buɗe littafinta.

"Salamu alaikum. Malama, a taimaka mana."

Ta amsa sallamar ba tare da ta ɗago ba. Sai da ya yi gyaran murya sannan ta sa yatsa a shafin ta dube shi. Dogo ne siriri, rigarsa duk garin katako, har a girarsa. Ya rungumo wani abu naɗe cikin tsohuwar jarida kamar mai ɗauke da jariri.

"Samfefa nake so," in ji shi, "daga mai kaushi har mai laushi."

Auta ba ta san bambancinsu ba, don haka ta kwaso duk takardun goge katakon ta zube masa a kan tebur. Yana cikin zaɓa jaridar ta zame. Wani katako ne ja-ja mai kauri, an yanka masa ƙugu kamar na mutum, da ƙaho biyu a sama.

"Wannan na yankan albasa ne?"

Ya dafe ƙirji. "Malama, kin kashe ni. Jita ce fa."

"Jitar da na sani tana da rami a ciki."

"Wannan ta lantarki ce, ba ta magana sai an haɗa ta da lasifika." Ya saci kallon littafin hannunta. "Kamar wasu, ba sa magana sai an yi gyaran murya."

Kunya ta kama ta, ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Farin mayafi ne mai leshi, da ƙananan furanni a saƙe. Ya ce yana da kyau, sannan ya yi sauri ya ce furannin yake nufi, sannan ya kwashi kayansa ya fita, ya manta jaridar.

Mai gyaran rediyo ne. Shagonsa yana ƙarshen layin, a ƙarƙashin matakalar wani bene, kusa da mai aski. 'Yan layin suna kiransa Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana. Tun daga ranar kullum sai ya zo sayen samfefa, falle ɗaya tak, har Abba ya ce, "Wai yaron nan cin ta yake yi ne?"

A irin wannan zuwan ne ta tambaye shi me ya hana ya sayi jitar a kanti ya huta.

"Ana sayarwa," ya ce, "amma ba ta teburin Inna ba."

Ya juya katakon ya nuna mata wasu ƙananan huji guda biyu. Nan aka ɗaure keken ɗinkin mahaifiyarsa. Tun yana yaro, in yamma ta yi, Inna tana taka keke, Baba yana gefe da tsohuwar jitarsa mai rami yana kaɗa mata a hankali. Baba bai taɓa kiɗa a gaban kowa ba sai ita. Shi a gaban injin niƙa ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Da Inna ta rasu, keken ya koma hannun ƙanwarta, tebur ya rage. Kunnuwan Baba kuwa, da ƙarar inji ta cinye, sai ja da baya suke yi, har ya daina jin jitarsa, ya rataye ta.

"Amma in na ƙure lasifika yana ji," in ji Injiniya. "Likita ya ce abin tafiya yake yi, ba ya dawowa. So nake ya ji kiɗa daga teburin nan kafin ƙofar ta rufe."

Auta ta karanta labaran masu kyautar zinariya da gidaje ba adadi, amma ba ta taɓa cin karo da irin wannan ba. Ta zaro falle mafi laushi ta miƙa masa, bayan ta rubuta lambar wayarta a bayansa.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Malama, yau na haɗa wuya da jiki. Gam ya kama. Ki taya ni addu'a kada ta karkace."

"Allah ya miƙar da ita. Kai ma ya miƙar da kai, ka daina tafiya a sunkuye kamar mai neman allura."

"Ai na samu allurar. Tana shagon fenti tana karatu."

Ta kife wayar. Ta sake ɗauka ta karanta. Ta sake kifewa.

In Abba ya aike ta kai kaya ƙarshen layi, sai ta ɗan tsaya a bakin shagon Injiniya. Wata rana ta tarar yana naɗe wata waya siririya kamar gashi a jikin maganaɗisu, ya ce wannan ne kunnen jitar, shi ke ɗaukar motsin tsirkiya ya kai wa lasifika. Wata rana yana jera ƙananan ƙarafa a wuyanta, yana buga su da 'yar guduma, harshensa a waje don maida hankali. Ya ce shiru yana sa shi kuskure, sai ta riƙa karanta masa littafi yana aiki. Yakan tsayar da ita ya yi wa mutanen labarin faɗa.

"Wannan wawa ne. Ya gaya mata gaskiya mana ya huta!"

"In ya gaya mata littafin ya ƙare, Injiniyana."

Sai ya bugi yatsansa da guduma.

A bakin ƙofar Baba yake zama kan kujerar roba, dattijo mai farin gemu da faffaɗan hannuwa. Da ƙarfi yake magana, irin na wanda ba ya jin muryar kansa.

"'Yata, kin zo? Ki ce wa wannan mai naman kasala ya gama. Tun yaushe yake shafa katako kamar mai lallashin amarya!"

Ranar da Injiniya ya fara ɗaura wa jitar tsirkiya don gwaji, Baba ya tafi gida ya kwanta. Jitar tana tsirara, ba fenti ba komai. Ya haɗa waya, ya taɓa tsirkiya ɗaya. Sautin ya fito mai kauri, mai ɗumi, ya cika ɗan shagon har gwangwanin ƙusoshi ya yi rawa. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu.

"Tana magana!" in ji Auta. "Injiniya, tana magana!"

Kafin Baba ya dawo, Injiniya ya kwance komai, tsirkiya da wayoyi da wuya, domin ba a shafa banish, man nan mai sheƙi, sai katako yana shi kaɗai.

Mai aski ne ya tsegunta wa Baba.

"An ce ta yi kuka ban ji ba," in ji Baba. "Mayar da ita in ji."

Injiniya ya matso kusa da kunnensa. "Baba, sai ta yi ado! Ba za ka fara ganinta haka ba."

"Ni ganinta na ce? Ji na ce."

Baba ya juyo ga Auta yana neman mai mara masa baya. Ita kuma, don ta faranta wa saurayin, ta ɗaga murya ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba, a bari ta yi kyau tukuna."

Baba ya yi dariya ya kaɗa kai. "Bakinku ɗaya ke nan."

Da ta san abin da ke tafe, da ta haɗiye wannan maganar.

Aikin banish na masu haƙuri ne. A shafa, a jira, a goge da samfefa mai laushi, a sake shafawa. Yakan rataye jikin jitar da waya kusa da taga, ya bar tagar a buɗe don wari ya fita. Da kowace shafa jan katakon yana ƙara zurfi, har Auta ta fara ganin fuskarta a ciki. Ya taɓa ce mata samansa ne ke saurin bushewa, ƙasansa kuwa yana daɗewa da taushi. A lokacin hankalinta yana kan shafin da take nema, ta ce "uhm" kawai.

Ranar da ya yi shafar ƙarshe, washegari ya kai Baba asibiti a duba kunne. Da rana hadari ya haɗu ba zato. Auta tana shago ta tuna da tagar. Ta fita da gudu, ta karɓi mukulli wurin mai aski, ta buɗe. Iska tana koro ruwa ta tagar, marfin ya maƙale ya ƙi rufuwa, jitar tana lilo, ƙasanta har ya fara jiƙa.

Ta sauke ta. Ta taɓa da yatsa, ta ji a bushe. Ta duba ko'ina, ba ta ga tsumma mai tsabta ba, duk sun sha mai da ƙura. Sai ta cire mayafinta ta naɗe jitar da shi tamau, ninki kan ninki, ta cusa ta a kan shiryayye tsakanin manyan lasifika biyu inda ruwa ba ya kaiwa. Ta koma gida da ɗankwali kawai, jiƙe sharkaf, zuciyarta fari ƙal.

"Na ceci amaryarka daga ruwa," ta rubuta masa. "Na lulluɓe ta, tana barci. Tukuicina littafi."

Saƙon bai shiga ba. An riƙe Baba a asibiti don ƙarin gwaji, wayar Injiniya kuma ta mutu.

A gida Abba yana zaune a falo ta shigo.

"Ina mayafinki?"

Auta ba ta iya ƙarya ba, ko a wasa. Ta faɗi komai, kanta a ƙasa.

"Wato aiken da nake miki, can yake ƙarewa. 'Yata ta ratsa layi kai ba mayafi, saboda katakon makaɗi."

"Abba, ba makaɗi ba ne, gyaran rediyo yake..."

"Na ce ki yi magana? Daga yau kin bar zuwa shago."

Umma ta so ta sa baki, ya ɗaga mata hannu. Dama akwai wanda Abba yake so da ita, ɗan mai ginin da shagon yake ciki, wanda 'yan layi ke kira Mai Turare domin ƙamshinsa kan riga shi isowa. Auta ba ta ƙi shi don wani laifi ba. Kawai dai ya taɓa tambayarta wai littattafan nan ba sa sa mata ciwon kai.

Sai washegari da la'asar Injiniya ya koma shago. Ya jawo jitar, ya fara warware mayafin, ya ji yana tirjewa. Leshin ya nutse cikin banish. Ya ɓanɓare shi a hankali, zare yana tsinkewa. Gaba da baya, ko'ina, furanni ne suka zauna daram, kamar an buga hatimi.

Ga gajiya, ga abin da likita ya faɗa masa game da kunnen Baba. Ya sa wayarsa a caji, saƙonta ya shigo da fara'arsa. Bai tsaya ya numfasa ba.

"Wa ya aike ki? Kin kashe min aiki gaba ɗaya. Na gaya miki ba ya bushewa da wuri, amma ba kya jin komai sai na takarda. Da kin tsaya a kan littattafanki, abin da kika iya ke nan."

Auta ta karanta sau ɗaya. Ba ta kife wayar ba wannan karon, ta dai ajiye ta a ƙarƙashin filo, ta juya fuska ga bango. Ta rubuta "ka yi haƙuri" ta goge. Ta rubuta "ban sani ba" ta goge. Wace kalma ce za ta gyara teburin Inna? Ba ta aika komai ba.

Shi kuma tun kafin rana ta faɗi ya fara nadama, amma girman kai ya riƙe masa yatsa. Da ya ga ba amsa, ya je shagon fenti. Ba ta nan. Abba ne a bayan tebur, Mai Turare a kan kujerarta, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Samfefa mai kaushi, ranka ya daɗe."

Abba ya miƙa masa ba tare da ya kalle shi ba. Amma mai sana'a ba ya iya shiru a kan sana'arsa. "In ka goge shi yanzu damewa zai yi kamar ƙaro. Ka bari banish ɗin ya ƙandare tukuna."

Injiniya ya yi godiya. Idonsa ya kai kan kujerar.

"Malamar kake nema?" in ji Mai Turare yana murmushi. "Ta huta da zaman shago. Manya sun fara magana, ka gane ai."

Ya gane, ko kuma ya ɗauka ya gane. Ya fita a sunkuye.

Ya rataye jitar a lungu, inda idonsa ba ya kaiwa, domin ba ya iya kallon furannin. Jira kafin a goge, sannan gugar, sannan sabuwar shafa da nata jiran. Baba ya gaji.

"Kai, ɗaura mata tsirkiya a haka in ji mana."

"Baba, ta ɓaci! Sai na gyara!"

"Kunne ina ruwansa da ɓaci?"

"Saura kaɗan, Baba!"

Kullum saura kaɗan. Ana cikin haka mura mai zafi ta kwantar da Baba. Da ya tashi, ya daina juyowa in an kira shi. Injiniya ya ce wa kansa murar ce ta toshe, za ta sake shi.

Ranar da jitar ta kammala, tana sheƙi kamar ruwa a cikin tasa. Ya mayar da wuya, ya ɗaure wayoyi, ya ja tsirkiya ya daidaita su. Ya zaunar da Baba a gaban babbar lasifika. Ya fara kaɗa waƙar da Baba ke yi wa Inna, wadda ya koya tun yana yaro ta bayan labule. Ya ƙara murya. Ya sake ƙarawa. Ya ƙure, har gilashin tagar yana kaɗawa, har mai aski ya fito da wanda yake wa aski, rabin kai a aske.

Baba yana kallon yatsunsa yana murmushi. Can ya ce, da muryar nan tasa mai ƙarfi:

"To, ka fara mana."

Mai aski ya ja abokin cinikinsa suka koma ciki. Injiniya ya kashe lasifikar, ya zauna a ƙasa, ya kifa kai a gwiwar mahaifinsa.

Da yammar ranar wayar Auta ta yi motsi.

"Malama. Na gama. Baba bai ji ba. Ƙofar ta rufe."

Hawaye ya hana ta ganin haruffa, amma ta rubuta.

"Inna lillahi. Ni na jawo. Da ban taɓa ta ba da ya ji. Ban san da wace fuska zan nemi gafararka ba, shi ya sa na yi shiru."

"Ba ke ba ce. Tun tana tsirara take magana, ke shaida ce. Da furanninki ma za ta yi magana. Sau biyu yana roƙona ina cewa sai ta yi kyau. Na yi wa ido aiki, alhali kunne ne ke jira. Kuma na gaya miki maganar da ko maƙiyi bai kamata a gaya wa ba."

"Ni ma na ce masa a bari ta yi kyau. Kullum sai na tuna."

"Na ji an ce manya sun fara magana. Allah ya sa alheri. Ki yafe min kawai."

"Wane ne ya ce? Ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ban amsa wa kowa ba. Abba ne ya hana ni fita tun ranar ruwan."

Sai amsarsa ta shigo.

"Allurata. Ashe ni ne wawan littafin."

Baba kuwa ya karɓi jitar ya ɗora a cinya. Tunda kunne ya tafi, hannu ya zama masa mai labari. Ya shafa gaba, sumul. Ya juya baya, ya sami hujin keken guda biyu, ya daɗe a kansu. Sai yatsunsa suka faɗa kan wani wuri mai faɗin tafin hannu, daidai inda jita ke jingina da ƙirjin mai kaɗa ta. Furanni ne, ƙanana, a jere. Injiniya ya goge ko'ina, da ya iso nan hannunsa ya ƙi. Ya shafa banish a kansu ya bar su.

"Wannan fa?"

Injiniya ya jawo akwati ya fito da mayafin, wanda ya ƙandare wuri-wuri, ya nuna tagar, ya kwatanta ruwa da yatsunsa, ya kwatanta naɗi. Baba ya gane.

"Shi ne ɓacin da ka hana ni ji saboda shi?" Ya kaɗa kai. "Kai yaro ne. Teburin nan duk rayuwarsa yadi yake ɗauka. Don ya fito da shatin yadi, sai ka ce ya ɓaci? Ai gida ya tuna."

Ya miƙe, ya sa hularsa. "Ɗauko ta. A'a, miƙo min. Kai tsaya nan."

Haka dattijon ya ratsa layin, jita a hannu ɗaya, mayafi a ɗayan. Abba ya taso ya tarbe shi don girman furfura, ya ba shi kujera. Da ya ga mayafin fuskarsa ta canza, ya fara jero dalilansa: shi ba ya son kiɗa a zuri'arsa, yaron ba shi da tsayayyen abu, kuma an riga an yi nisa da wata magana.

Baba ya bar shi ya kai aya, yana kallon bakinsa.

"Malam, kada ka wahalar da kanka, ko kalma ɗaya ban ji ba. Na dai ga ranka a ɓace, kuma da gaskiyarka, 'ya mace ce. Bari in faɗi tawa in tafi." Ya ɗora jitar a kan tebur. "Wannan teburin matata ne. Shi kaɗai ya rage min da hannunta ya goge. Kai ka san katako, ka san abin da ruwa ke yi masa. 'Yarka ta cire mayafinta a cikin ruwan sama ta rufa wa teburin matata asiri, ta tafi gida tana jiƙewa. Ban san yadda kake tarbiyya ba, amma na ga abin da ta haifar. Na zo in dawo da mayafi. In da hali kuma, na zo in roƙi mai shi."

Mai Turare ya yi 'yar dariya. "Abba, ka ce masa a'a da hannu kawai. Kurma ai sai da hannu."

Abba ya juyo ya dube shi, irin kallon da yake yi wa gwangwanin da aka cakuɗa da ruwa.

"Tashi ka ba mu wuri. Manya na magana."

Da ƙamshin ya fita, Abba ya jawo jitar ya ɗaga ta ga haske. Ya bi mahaɗar katakon da farce. Ya ga ɗan tabon da ruwa ya fara yi a ƙasa, ya san inda abin zai kai da an bar ta a rataye. Ya juya baya ya ga furannin. Shi ya saya wa Auta mayafin, ranar da ta gama makaranta.

"Banish ɗin ya yi kauri a nan gefen," ya ce a hankali, duk da ba mai jin sa. "Amma hannunsa ba laifi."

Bai amsa a ranar ba. Ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya raka shi har ƙarshen layi, ya tsaya ya ƙare wa shagon Injiniya kallo: rediyoyin mutane a jere, kowane da alamarsa, kayan aiki a goge. A gida ya kira Auta.

"Kina son sa?"

Umma ta ce, "Kai ma dai. Yarinyar da ta daina karatu, ai ka san ba lafiya ba."

Abba ya yi ajiyar zuciya. "Ki gaya masa ya turo. Kuma ki gaya masa ya daina sayen samfefa falle ɗaya, ba a yi wa mai shago wayo."

An ɗaura aure wata safiya mai sanyi, ba hayaniya. Da la'asar, bayan baƙi sun ragu, aka rage su kaɗan a ɗan falon ango: Abba da Umma, ƙanwar Inna, mai aski da ya ce shi ne shaidan farko, sai Baba a kusurwa yana kallon bakunan mutane suna dariyar da ba ya ji.

Auta ce ta lura da shi. Ta tuna ranar gwaji, yadda gwangwanin ƙusoshi ya yi rawa ba tare da yana da kunne ba. Ta raɗa wa mijinta. Ya ɗauko jitar ya zauna dab da Baba. Ita kuma ta durƙusa, ta kama hannun dattijon ta ɗora a jikin katakon, ta nuna masa ya kwantar da haɓarsa a kan ƙahon sama.

Injiniya ya kaɗa waƙar Inna.

Baba ya rufe ido. Ba wanda ya motsa. Can hawaye ya gangaro cikin farin gemun.

"Ba na ji," ya ce, kuma a karon farko muryarsa ta fito a hankali. "Amma tana zuwa min ta haƙori. Rrrr, rrrr. Kamar tana taka keke."

Ƙanwar Inna ta rufe fuska. Abba ya juya yana gyara hular da ba ta karkace ba.

"Baba, ka yafe mana," in ji Injiniya, ko da yake ya san maganar ba za ta isa ba. Auta ma ta faɗa.

Wataƙila ya karanta a leɓɓansu. Ya ɗago, ya dafa kawunansu su biyun.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin magana, ba irin wannan ba." Aka yi dariya cikin hawaye. "Abu ɗaya zan roƙe ku. In ɗayanku yana da abin da zai ba ɗan'uwansa, ya ba shi a yadda yake. Kada ya jira sai ya yi kyau."

Suka amsa da amin.

Jitar tana nan rataye a falonsu. Baƙi sukan yaba sheƙinta, Injiniya ya yi godiya ya kau da kai, domin shi ya san abin da sheƙin ya ci. Baba bai taɓa jin muryarta da kunnensa ba, kuma wannan ba abin da zai gyara shi. Amma duk yamma yakan zo, ya kwantar da haɓarsa a kan katakon, ɗansa yana kaɗawa, surukarsa tana gefe da littafi a buɗe wanda ba ta karantawa. In sun gama, kafin a rataye ta, sai ya juya bayanta ya shafa furannin da babban yatsa, ya ce:

"'Yata, nan ne ya fi ko'ina kyau."